Rafin da Ya Gudu Ya Bar Gadar Baffa

Rafin garinmu ba wani babba ba ne. In ka zo da rani ba za ka yarda akwai shi ba, sai dai ka ga farin yashi ya miƙe tsakanin gonaki, jakuna suna birgima a ciki. Daga yamma yake gangarowa, ta ɓangaren ƙasar Gwarzo, a matse tsakanin gaɓa biyu masu tsayi, har ya iso bakin fadamarmu. Nan ƙasa take shimfiɗewa, nan shi ma yake sakin jiki. Ruwan da ya taho da gudu sai ya lafa, ya fara sauke abin da ya kwaso a hanya: tsakuwa tun daga sama, yashi a tsakiya, laka mai laushi can ƙasa inda ake noman shinkafa. Wanda ya hau tudun makabarta ya duba zai ga yashin ya bazu kamar mafici, mariƙin a sama, faɗin a ƙasa. Hanyar da muke bi zuwa kasuwar Kabo ta tsakiyar wannan maficin ta ratsa.

A shekarun da nake magana ina koyarwa a wata firamare kusa da Masanawa, ina kwana a gida, don haka kullum sai na tsallaka rafin. Da damina kowa ya san dokarsa: ka cire takalmi, ka tattare wando, ka tura babur ɗinka a hankali. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da zafi sai Baffa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ne autansu. Ɗan kasuwar hatsi ne da ya ajiye ya koma gona, dogo, mai son tsaf-tsaf, irin mutanen da ko gona za su sai sun daidaita karin hula. Duk garin ana ce masa Alhaji, mutum ɗaya ce ba ta faɗa, wato Gwaggo, babbar yayarsu, wadda ta goya shi. Ita har yau Auta take kiransa, ko a gaban surukansa, kuma bai taɓa samun yadda zai yi da ita ba.

Abin ya faro ne ranar wani ɗaurin aure a Dugabau, inda Baffa ne waliyyin ango. Ya sha farar shadda 'yar ciki da malum-malum, an buge ta tana ƙyalli. Jiya-jiya ya bi ta mashigin, ruwa iya idon sawu, don haka bai ga dalilin sauka daga babur ba. Bai san an yi ruwa a sama ba, ruwan ya zo ya kwashe yashin wurin ya bar rami. Ina bayansa a nawa babur ɗin, ina kallo gaban babur ɗinsa ya dulmiya, shi kuma ya bi shi a hankali, zaune daram, riƙe da kan babur, kamar wanda ake saukarwa rijiya da igiya. Da ya miƙe ruwan yana ƙirjinsa. Hular ta yi gaba abinta, ba mu sake ganinta ba. Matan da ke wanki a gefe suka juya baya gaba ɗaya don girmamawa, amma kafaɗunsu suna ta rawa.

A jallabiyar aro ya karɓi auren nan, ta wani gajeren mutum, ta tsaya masa a ƙwauri. Ranar Juma'a bayan an idar da salla ya miƙe ya nemi a saurare shi, ya ce abin kunya ne gari mai liman da dagaci da malaman makaranta a ce har yanzu ana tuɓe takalmi a gaida rafi. Ya ce za a yi gada, kuma buhunan siminti na farko daga wajensa za su fito.

Mutane sun ji daɗin maganar, don kowa ya taɓa asarar wani abu a mashigin nan, ko takalmi, ko waya, ko kwandon tumatir. Inda aka ɗan yi ja-in-ja shi ne wurin da za a sa ta. Wasu suka ce a matsa sama kaɗan, wasu suka ce ƙasa. Baffa ya ce ba sama ba ƙasa, daidai inda ya faɗa za a gina ta. Da mai unguwa ya tambaye shi dalili, ya ce nan hanya ta bi, nan kuma rafin ya nuna halinsa. Tunda shi ne mai siminti, aka bar shi da zaɓinsa.

Da rani ya kama aka yi gayya. Wani ya kawo rodi, wani katako, masu shanu suka ba da amalanke, aka ɗauko magini daga Gwarzo. Ni aikina jigilar siminti da kai saƙo. Yashi kuwa ga shi nan a ƙarƙashin ƙafarmu, sai dai a sa shebur a ɗiba, kuma wannan ya fi komai faranta wa Baffa rai. Duk wanda ya zo kallo sai ya gaya masa cewa da yashin rafin za a ɗaure rafin. Gwaggo tana aiko da kunun tsamiya a manyan robobi, in ta zo da kanta sai ta tsaya ta ƙare wa aikin kallo, ta ce Allah ya sa albarka, ta ƙara da cewa Auta tun yana yaro in ya yi tuntuɓe sai ya koma ya doki dutsen.

Gadar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Baki biyu gare ta, faɗinta ya ishi amalanke, aka yi mata 'yan kafaɗu a gefe aka shafa farar ƙasa. Ranar buɗewa dagaci ya zo, liman ya yi addu'a, aka raba goro da alawa. Babu ko ɗigon ruwa a ƙarƙashinta a lokacin, amma duk garin sai da ya bi ta kai ya tsallaka, ya juyo ya sake tsallakowa. Baffa ya yi ta kai da kawo har na daina lura.

Ruwan farko na damina ya zo ya bi ta ƙarƙashin gada salin-alin. Baffa ya je da lema ya tsaya a kai yana leƙensa yana murmushi, kamar mai kallon ɗan da ya shiryu bayan an fid da rai. Haka aka yi ta yi har shuka ta kai gwiwa. Ni da nake bi kullum na fara ganin bakunan nan biyu suna tsukewa. Da farko babban mutum zai shiga a sunkuye, daga baya sai da rarrafe, daga baya sai akuya. Duk ruwan da aka yi sai ya kawo yashi ya jibge a gindin gadar da samanta. Na faɗa wa Baffa, ya ce in je a duba min ido, yawan kallon allo ne. Na ba shi shawarar a tara samari a kwashe, ya ce rafin da ya kawo shi zai kwashe abinsa.

Sai marka ta sauka, kwana da kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da gari ya washe na fito da babur, na hau gada, sai na ji shiru. Na leƙa, babu ruwa, sai jiƙaƙƙen yashi ya cika bakunan har wuya. Amma ina jin rugugin ruwa a gabana. Na ƙarasa kaɗan, sai ga rafin, cikakke, jajawur, yana ratsa hanya a inda jiya gona ce.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taka ya je ya gani. Yashin da rafin yake ta zubarwa a cikin hanyarsa ya taru har cikin rafin ya fi gonakin gefe tudu. Da ruwa ya yi yawa sai ya sami inda gaɓa ta yi rauni, can sama da gada, ya ɓalle, ya gangara inda ya fi kwari. Inda ya fi kwari kuwa gonar raken Baffa ce.

Kafin hantsi gari ya taru. Aka tsaitsaya a kan gada, tunda ita ce busasshen wuri, ana kallon rafi yana wucewa can gefe. Baffa ma yana tsaye, hannuwa a baya. Gwaggo ta iso tana dogara sandarta, ta dubi gadar, ta dubi ruwan, ta ce, "Auta, ka gaya masa kuwa nan aka ce ya riƙa bi?"

Wani ya yi tari, wani ya sunkuya yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Baffa ya ce ba lokacin wasa ba ne, kuma rafin zai dawo ko yana so ko ba ya so.

Aka sake gayya. Muka cika buhunan taki da yashi muka toshe inda ya ɓalle, muka sa shebur da kwanon sarki muka yashe tsohuwar hanyarsa har ƙarƙashin gada. Aiki ne na fitar rai, don kana kwasa yashin yana zubowa. Amma muka yi, ruwa ya dawo ya bi ta bakin gada guda, siriri kamar na alwala. Baffa ya sa aka yanka zakaru aka yi wa ma'aikata dambu.

Ruwan da ya biyo baya bai taɓa buhunanmu na tsakiya ba. Ya zagaye su ta gefe ya koma gonar rake, sannan ya ɓalle ta ɗaya gaɓar ma, ya buɗe sabon reshe ta ɓangaren gari. Da safe muka tarar da gada a tsakiya kamar tsibiri, ruwa ta gabanta, ruwa ta bayanta, ita kuma ƙarƙashinta ƙamas. Mai zuwa kasuwa yanzu sai ya cire takalmi ya tsallaka ruwa, ya hau gada, ya sauka, ya sake shiga wani ruwan. Kafin a yi gada sau ɗaya muke jiƙa ƙafa.

Mutane ba su daɗe ba suka gane hawa gadar ƙarin wahala ne, tunda sai ka tura babur ka hau, ka riƙe birki ka sauka. Sai suka fara bi ta gefenta a kan yashi. Wannan ya fi ɓallewar rafin ƙona wa Baffa rai. Ya ɗauki buzunsa ya koma kan gada da zama duk ranar kasuwa. Ba ya hana kowa, ba ya faɗa. In ya hango mutum zai zagaye sai ya ɗaga murya ya yi masa sallama, ya tambayi kwanan iyali, da gajiya, da ruwa, da jikin tsohuwa, da labarin yaron da ke karatu a birni. Ba ya yiwuwa dattijo yana gaishe ka daga sama kana amsawa daga ƙasa kamar mai tsoron kamu, dole ka hau ka durƙusa. In ka hau kuwa ka riga ka hau, sai ka sauka ta ɗaya gefen. Da haka ya riƙa samun masu tsallaka gadarsa. Har baƙi ba su tsira ba. Na ga wani mai tallan katifa da bai san kowa a garin ba ya turo kekensa har sama yana haki, ya amsa gaisuwa, ya sauka yana waiwaye.

Da kaka ta yi sai Gwaggo ta gano amfanin gadar. Sana'arta busasshen kayan miya ce, kuma abin da ya dame ta shekara da shekaru shi ne awaki da kaji. Ga daɓen siminti mai tsabta, rana tana dukansa tun safe, ga sauran ruwa ta ko'ina da akuya ba ta son takawa. Wata safiya Baffa ya zo da buzunsa ya tarar da kuɓewa yankakkiya tun daga wannan kai har wancan, an bar masa ɗan wuri daidai zaman mutum ɗaya. Ya je ya same ta ya ce gadar jama'a ce, ba rufin ɗaki ba. Ta ce ita ma jama'a ce, kuma tunda yana zaune a wurin ya riƙa kora mata tsuntsaye. Ya kai ƙara wajen mai unguwa. Mai unguwa ya saurare shi da kyau, ya yi ta gyaɗa kai, sannan ya ce a yi haƙuri da tsofaffi. Daga baya muka ji tattasan da ke shanye a ɗaya gefen na gidan mai unguwar ne.

Maganar gona ita ce ta fi. Yashi ya binne raken Baffa har gaɓa ta uku ko ta huɗu, abin da ya leƙo sama ya yi ja ya bushe. Baƙar ƙasar gonar kuwa, wadda aka shekara ana zuba mata taki, ruwa ya narkar da ita ya gangara da ita can ƙasa ya shimfiɗa a fadamar shinkafa. Gonar da ta fi samun rabo ita ce ta Gwaggo. Shinkafarta a shekarar ta yi kyan da masu wucewa suke tsayawa su yi salati. Baffa ya je ya zagaya ta, ya tsuguna ya murza ƙasar a hannu, ya sansana, ya ce ya gane ta, tasa ce. Ya aike ni in gaya wa Gwaggo cewa bisa adalci yana da kaso a shinkafar. Na je ina jan ƙafa na isar da saƙo. Ta ce in gaya masa ba ta roƙi kowa ƙasa ba, ya zo da buhu ya tsince abarsa. Bayan an yi girbi ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuɓewar gada, ta ba ni in kai masa, ta ce in ce masa ga ƙasarsa nan ta dawo. Ya cinye tas, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Duk wannan muna dariya ne, shi ma wani lokaci yana taya mu. Amma wata rana bayan la'asar, ina dawowa daga makaranta, na hango shi shi kaɗai a tsakiyar gonar, durƙushe. Na ajiye babur na ƙarasa. Ya tona rami da hannu, hannun ya shige har kafaɗa, yana laluben inda baƙar ƙasa ta fara. Ya zaro 'yar kaɗan a tafinsa ya nuna min. Ya ce a nan mahaifinsu ya koya musu dashen rake, shi da babana, kuma akwai wata tsohuwar rijiya a kusurwar gabas da yanzu bai ma san inda take ba. Na tsuguna kusa da shi har inuwa ta yi tsawo, sannan ya karkaɗe hannun rigarsa ya ce mu tafi kada magariba ta same mu.

Na ba Gwaggo labari. Ba ta yi dariya ba a wannan karon. Bayan 'yan kwanaki ta sa jikokinta suka yi ta kai damin ganyen dankali bakin gonar suna jibgewa. Ta je da kanta ta ce masa yashin da ke da damshi a ƙasa ba abin da yake so kamar dankali, in ya ga dama ya dasa, in bai ga dama ba ya ba awaki. Ya ce shi manomin rake ne, ba a san gidansu da dankali ba. Washegari na gan shi yana yin kunya.

Dankalin ya yi. Ya yi irin yin da sai an sa hannu biyu a ɗaga guda. Shekara ta zagayo ya ƙara da kankana, ita ma ta karɓa. Nan da nan Baffa ya koma ba da fatawa a kan yashi, wane ne na dankali, wane ne na gini, wane ne ba ya komai. Ya fara cewa dama rake ya ishe shi, wahalarsa ta fi amfaninsa.

Ana nan sai wasu ma'aikata suka zo auna hanya, da na'urarsu mai ƙafa uku. Shugabansu wani saurayi ne mai ladabi, ya cire takalmi ya gaida dattawa, ya nemi a zagaya da shi. Da ya ga gadar, wadda a lokacin yashi ya kusa shafe kafaɗunta, bai yi dariya ba, ya ma yaba ƙarfin ginin. Ya yi bayani cewa duk inda rafi ya fito daga matsi ya faɗa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa haka yake yi, ya cika hanyarsa da kansa, ya bar ta, ya buɗe wata, har ya zagaye fadamar kaf a tsawon shekaru, kuma da haka ita kanta fadamar ta samu. Ya ce in za a yi gada mai ɗorewa sai can sama, inda gaɓa biyu suka riƙe shi, ko da hanya za ta yi zagaye.

Baffa yana ta gyaɗa kai. Da saurayin ya gama, ya dubi jama'a ya ce, "To kun ji. Abin da nake ta faɗa ke nan tun farko."

Gwaggo, wadda ta zo kwashe shanya, ta ce wa saurayin ya yi haƙuri ya rubuta wannan ma a takardarsa, don a kai birni a ajiye.

Sun kafa turakunsu a sama sun tafi, muna nan muna jira. Kafin nan rafin yana ta sha'aninsa. Bana yana nan, baɗi yana can, wata shekarar ya rabu uku, har ya taɓa komawa kusa da gada ya wuce ta gefenta bai shiga ba. Baffa ya daina zaman gada, ya sami wani aikin. Duk ruwan da aka yi sai ya ɗauki sanda ya zagaya fadama ya ga inda rafin ya koma, kuma mutane sun saba kiransa a waya kafin su fito, su tambaye shi ta ina za a shiga. Yana son wannan matsayi ƙwarai, har ya sa aka ƙara masa ƙarar waya. Sai dai ƙafa ta fara nauyi, zagayen ba kullum yake yiwuwa ba, shi kuma ba zai taɓa cewa bai sani ba.

A daminar da ta wuce na kira shi da safe zan tafi Kabo. Ya ce in bi ta gindin kanya, ruwan wurin ko kaza ba zai jiƙa ba. Na isa gindin kanya na tarar da ruwa yana murɗawa, ya kai cinyar wani mai shanu da ke ƙoƙarin fitowa. Na sake kiransa na faɗa masa. Ya ce, "To, ya tashi ke nan. Ka gangara ƙasa ka duba wajen gonar liman, in ka samu wuri ka kira ni ka faɗa min. Akwai mutum biyu da na ce su jira."

Na kashe babur, na cire takalmi na rataya a wuya, na gangara neman mashigi.